Marisuwa: daga tashar jirgin Sabon Gari zuwa gadon asibiti a Shika (ZARE)

1/ Jama'a, a 1918 wata mura ta shigo ƙasar nan, cikin 'yan watanni ta kashe mutum kusan rabin miliyan. Kakanninmu suka raɗa mata suna Marisuwa. Yau zan bi sawunta daga bakin teku har Sabon Garin Zariya, sannan mu duba me ya canza daga wancan lokaci zuwa yau. Ku gyara zama. 🧵

2/ Tambayar da ta sa na yi zaren nan: idan mura ta sauka a huhu har ta kai an kwantar da mutum a asibiti, shin maganin bairos yana hana mutuwa? A taƙaice, yana taimakawa, amma da agogo yake aiki. Wanda ya zo rana ta biyu da wanda ya zo rana ta tara, lissafinsu daban ne.

3/ Tun kafin mu yi nisa: tarihi nake bayarwa, takardar magani kuwa aikin likita ce. Duk sunan maganin da kuka gani a nan, don Allah kada wani ya kwafe ya nufi kemis da shi. Za ku ga dalili a gaba.

4/ To, 1918. Yaƙin Duniya na Ɗaya na dab da ƙarewa, jiragen ruwa na ta kai-komo da sojoji. Turawa na ce mata "murar Sifen". Dalili? Sifen ba ta shiga yaƙin ba, jaridunta na buga labarin cutar a fili, har da kwanciyar sarkinsu Alfonso na 13. Ƙasashen da ke yaƙi suka yi gum. Shi kenan aka liƙa wa Sifen.

5/ A tsakiyar Agusta 1918 jirgin sojan ruwan Ingila, HMS Mantua, ya tsaya a Freetown ta Saliyo da marasa lafiya a ciki. Leburorin da ke loda masa kwal suka kamu. Daga nan cutar ta bi gaɓar teku zuwa Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Ranar 14 ga Satumba jirgin SS Bida ya sauke fasinjoji a Legas, da ita a jikinsu.

6/ A zamanin da, cutar da ta taso daga bakin teku sai ta biyo ayarin fatake kafin ta iso ƙasar Hausa. Tafiyar wata da watanni, ana yada zango ana tashi. Amma a 1918 akwai wani sabon abu da ya gajarta hanya: layin dogo.

7/ Dogo ya iso Zariya da Kano a 1911, ya haɗe da layin Legas. Daga Zariya kuma aka ja wani ƙaramin layi zuwa Jos da Bukuru wajen haƙar kuza. Zariya ta zama mararraba ke nan. A gefen tashar nan Sabon Gari ta tashi: ma'aikatan reluwe, akawuna, 'yan kasuwa daga Kudu, leburori daga ko'ina.

8/ Ku ɗan kwatanta a ranku. Mutum ya hau jirgi a Legas garau, kafin a wuce Ilori ya fara atishawa, ya sauka a Zariya da zazzaɓi. Duk waɗanda suka cunkusu da shi a tarago ɗaya sun shaƙa. Wasu za su wuce Kano, wasu su canza jirgi zuwa Jos, wasu su shiga kasuwa. Cikin watan Oktoba cutar ta riga ta hau Arewa.

9/ A lokacin Aliyu Ɗan Sidi ne Sarkin Zazzau. Samarun da muka sani kuwa babu ita. ABU sai 1962. Ko tashar binciken aikin gona da ta fara fito da sunan Samaru sai 1922. Asibitin Shika ba a ma yi mafarkinsa ba. Wanda ya kamu, a ɗakinsa zai kwanta, danginsa su yi jinya, su ma su kamu.

10/ Masanin tarihi Don Ohadike, wanda ya bi yadda cutar ta bazu ta dogo da kogi da hanya, ya ƙiyasta mutum kusan 500,000 suka mutu a Najeriya, cikin jama'a kusan miliyan 18. Wato kusan mutum 3 a kowane 100. A duniya baki ɗaya ana maganar kimanin miliyan 50, fiye da waɗanda yaƙin kansa ya ci.

11/ Abin da ya kamata ya tsaya muku a rai, ku 'yan zamanina: mura ta saba ɗaukar jarirai da tsofaffi. Marisuwa ta haɗa har da majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40. Masu noma, masu dako, mata masu ciki. Sa'anninmu ke nan. Ta bar tabo har tsofaffi suka riƙa ƙirga shekaru da ita: "shekarar Marisuwa aka haife shi."

12/ Yaya take kisa? Huhu cike yake da 'yan jakunkunan iska, miliyoyi, ta nan oksijin ke shiga jini. Idan cuta ta sauka can, sai jakunkunan su kumbura su cika da ruwa. Nimoniya ke nan, wadda a gida ake ce wa limoniya. Leɓe da farce su yi duhu, numfashi ya koma haki. Mutum na kan tabarmarsa amma kamar wanda ke nutsewa a kogi.

13/ Likitocin lokacin, har na Turai, ba su san abin da suke yaƙa ba. Da yawansu sun ɗora laifin kan wata bakteriya da Bajamushe Richard Pfeiffer ya gano. Bairos ya fi ƙarfin madubin likita na wancan zamani. Sai a 1933 wasu masana uku a Landan, Smith da Andrewes da Laidlaw, suka ware ƙwayar murar daga jikin ɗan Adam. Shekara 15 bayan ɓarna.

14/ A 2008 masana a Amurka, cikinsu har da Anthony Fauci da kuka sani lokacin korona, suka sake duba naman huhun mamatan 1918 da aka adana. Suka ce akasarin mutuwar, bakteriya ce ta ƙarasa ta. Bairos ya yage rufin hanyar iska, bakteriyar da ke zaune a hanci da maƙogwaro ta gangara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

15/ Ga shi babu antibayotik. Fleming ya gano fenisilin a 1928, bai wadata a hannun likitoci ba sai shekarun 1940. Saboda haka mai Marisuwa ya rasa abu uku: maganin bairos ɗin, maganin bakteriyar da ta biyo baya, da oksijin da zai riƙe shi kafin jikinsa ya farfaɗo. Ku riƙe ukun nan, za mu dawo kansu.

16/ Me ya sa aka samu maganin bakteriya da wuri, na bairos ya yi jinkiri? Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana da bangonta da za a iya fasawa. Bairos kuwa shiga yake cikin ƙwayar jikinka, ya mai da ita masana'antar buga 'ya'yansa. Ka kai masa duka, kana iya samun mai gida. Shi ya sa amoksil ba ya taɓa mura ko kaɗan.

17/ Maganin murar farko, amantadin, Amurka ta amince da shi a 1966. Ya yi aiki na wani zamani, sai bairos ya canza kama ya daina jin sa. A 2006 hukumar CDC ta Amurka ta ce likitoci su daina ba da shi don mura. Darasi na farko: maganin bairos ma yana iya mutuwa, musamman idan aka yi ta watsa shi barkatai.

18/ A 1999 Tamiflu ya fito. Ga yadda yake aiki. Idan bairos ya gama hayayyafa cikin ƙwayar jiki, 'ya'yan suna manne a jikinta, sai sun yanke kansu da wani sinadari mai kama da almakashi kafin su bazu. Tamiflu dakushe almakashin nan yake yi. Ba ya gyara huhun da ya riga ya lalace, yaɗuwa kawai yake tarewa.

19/ Kun ga inda agogo ya shigo? Bairos ɗin mura ya fi hayayyafa a kwana biyu zuwa uku na farko. Shi ya sa ake cewa a fara maganin cikin awa 48 da fara jin alamu. Kamar gobara ce a kasuwa lokacin hunturu: tana shago ɗaya, bokiti ya isa. Ta kama layi guda, bokitin nan bai ƙara komai ba.

20/ Mu dawo gida. Fabrairu 2006, aka tabbatar da murar tsuntsaye H5N1 karo na farko a duk nahiyar Afirka. A ina? A wata gonar kaji a Jaji, kan hanyar Zariya zuwa Kaduna. Nan kusa da mu. Dubun-dubatar kaji suka mutu. Samfurin ya bi ta cibiyar binciken dabbobi ta Vom, aka tabbatar a Padova ta Italiya.

21/ Abin tsoron shi ne, cikin mutanen da aka tabbatar sun kamu da H5N1 a duniya, kusan rabi sun mutu, galibi da nimoniya. A Janairu 2007 ta kashe wata matashiya 'yar shekara 22 a Legas. Sa'ar da aka yi, ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi. Amma tsoronta ya sa ƙasashe masu kuɗi suka tara Tamiflu a rumbu.

22/ Sai 2009, murar H1N1 ta game duniya, dangin Marisuwa ce ta nesa. A wannan karon akwai magani a hannu, akwai kuma takardun asibiti. Dama ta samu ke nan a auna: cikin waɗanda aka kwantar, wa ya mutu, wa ya tashi, kuma a rana ta nawa aka fara ba kowa magani?

23/ A 2014 aka buga sakamakon a mujallar Lancet ta cututtukan numfashi. An haɗa bayanan majinyata 29,234 daga bincike 78 na ƙasashe da dama. Waɗanda aka ba irin wannan magani, haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 19 cikin 100 idan aka gwada da waɗanda ba a ba su ba.

24/ Ga inda maganar take. Waɗanda aka fara ba su cikin kwana biyu da fara ciwo, haɗarin ya ragu da kusan rabi. Kuma kowace rana da aka ƙara ta jinkiri, haɗarin ƙaruwa yake. Magani ɗaya, cuta ɗaya. Ranar farawa ce ta raba su.

25/ Amma a faɗi gaskiya duka. Wannan bincike duba takardun baya ne, ba a raba majinyata gida biyu da ƙuri'a ba, kuma kamfanin Roche mai yin maganin ne ya ba da kuɗin aikin. A yara ma ba a ga raguwar mutuwa a fili ba. Masana sun yi ta ja-in-ja a kai.

26/ A 2014 ɗin dai, masanan Cochrane suka tono cikakkun bayanan gwaje-gwajen kamfanin. Suka ce ga babba mai mura ta yau da kullum, Tamiflu rage ciwon yake da kimanin awa 17 kacal. To ina aka tsaya? A jagorarta ta 2024, WHO ta ba da shawarar a ba mai mura mai tsanani, tana mai cewa hujjar ba ta kai ƙarfin da ake so ba.

27/ Sai korona. Najeriya ta tabbatar da mutum na farko ranar 27 ga Fabrairu 2020, wani ɗan Italiya a Legas. Ta jirgin sama wannan karon. Ƙarshen Maris aka kulle jihar Kaduna, Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sanar ya kamu ranar 28 ga wata. Ɗalibai suka watse, Samaru ta yi tsit. Ranar 17 ga Afrilu Abba Kyari ya rasu.

28/ A Afrilun nan masu haƙar kabari a Kano suka fara cewa aiki ya yi musu yawa. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama da alaƙa da korona. Da yawa a gida suka cika, ba su kai ga gadon asibiti ba. Allah ya jiƙansu.

29/ Kun tuna kulorokwin? Trump ya yabe shi a Maris, mutane suka yi wa kemis tsinke, har aka kwantar da wasu a Legas saboda sun sha ya wuce kima. A Yuni babban gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford, wanda ya raba majinyata da ƙuri'a, ya nuna ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin bai rage mutuwar waɗanda aka kwantar ba.

30/ Remdesibir fa, wanda shi maganin bairos ne na gaske? Gwajin Solidarity na WHO, majinyata sama da 11,000 a ƙasashe 30, ya ce a Oktoba 2020 tasirinsa kan mutuwa kaɗan ne ko babu. Sakamakon ƙarshe a 2022: wanda ke kan injin numfashi bai amfana ba, wanda bai kai can ba ya ɗan amfana. Agogo dai.

31/ Abin mamaki, maganin da ya fara rage mutuwa a fili ba ya taɓa bairos sam. Deksametason ne, tsohon magani mai arha, wanda wasu ke sha da sunan "sha ka fashe". Ranar 16 ga Yuni 2020 RECOVERY ta sanar: ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga masu injin numfashi, ɗaya cikin biyar ga masu oksijin.

32/ Me ya sa? Domin a mako na biyu, garkuwar jikin mutum ce kan haukace ta riƙa ƙona huhunsa, shi kuma maganin lafar da ita yake. Amma ku lura da kyau: wanda bai kai ga buƙatar oksijin ba, bai amfane shi ba. A murar influwenza ma WHO ba ta ba da shawarar a riƙa ba da shi ba. Shan sa da ka haɗari ne.

33/ Ƙarshen 2021 Paxlovid ya fito. A gwajinsa, masu haɗari da ba su yi rigakafi ba, aka ba su cikin kwanakin farko suna gida, kwanciya asibiti ko mutuwa ta ragu da kusan kashi 89 cikin 100. Ku gwada da remdesibir ga wanda ke kan inji. Ga dai darasin Tamiflu ya sake dawowa da wata riga.

34/ Idan na tattara tarihin shekara ɗari a layi uku: kwanakin farko, bairos ne abokin gaba, nan maganinsa ke da ƙarfi. Daga baya, kumburi da bakteriya ke karɓar yaƙin. A kowane mataki kuma, oksijin ke riƙe rai. Likita ne ke gane matakin da mutum yake, da gwaji da awo.

35/ Yanzu mu kalli kanmu. Duk wanda ya zauna Samaru ko Sabon Gari ya san tsarin. Rana ta ɗaya: "mura ce, sanyi ne," a sha citta da kanumfari. Ta uku: kemis, "maleriya da taifot," a haɗo kala huɗu a leda. Ta biyar: allura da ƙarin ruwa a ɗaki. Ta takwas, numfashi ya gagara, sai a nemi Keke Napep cikin dare.

36/ Daga Samaru zuwa Asibitin Koyarwa na ABU a Shika, tafiyar 'yan mintoci ce. Amma a lissafin ciwo, sau da yawa tafiyar mako guda muke mai da ita. Ban ce laifin majinyaci ne kawai ba. Kuɗin kati, kuɗin gwaji, tsoron a ce "kwanciya," duk gaskiya ne. Sai dai huhu ba ya jiran albashi ya shigo.

37/ Oksijin ma magani ne, kada a raina shi. A Papua New Guinea, wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna da aka wadata asibitoci da injin tace oksijin da na'urar awonsa, mutuwar yara masu nimoniya ta ragu da kashi 35 cikin 100. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba. Iska aka kawo, aka kuma iya auna mai buƙatarta.

38/ Na'urar awon ita ce 'yar abar nan da nas ke maƙala maka a yatsa. Idan ta nuna ƙasa da 90, maganar gaggawa ce. Wani abu da ya shafe mu: bincike a Amurka a Disamba 2020 ya nuna tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Saboda haka ko lamba ta yi kyau, in mutum na haki, a gaya wa likita.

39/ Alamun da ba a kwana da su a gida: numfashi da ƙyar ko da sauri, ciwon ƙirji, ruɗewa, leɓe ya yi duhu, ko zazzaɓi ya sauka sannan ya dawo da ƙarfi. Ga yaro, ku ƙirga numfashi na minti ɗaya: ɗan wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Ɗan shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki.

40/ Masu ciki, tsofaffi, ƙananan yara, masu asma, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila, su kam kada a jira alamun nan su bayyana. Mura mai zazzaɓi ta kama su, a ga likita tun kwana ɗaya ko biyu. Kuma in an je, a faɗi ainihin ranar da ciwon ya fara da duk abin da aka sha. Wannan lissafin ke nuna masa inda zai kama.

41/ Mu matasa mu ne masu waya, mu ake aika kemis, mu ke tuƙa babur ɗin. Sau da yawa mu za mu iya cewa, "Baba, yau kwana uku ke nan, mu je a duba ka." Mu kuma za mu iya tambayar masu neman ƙuri'armu: asibitin unguwarmu na da oksijin? Yana da na'urar awo? Ba a fafe gora ranar tafiya.

42/ Mutanen 1918 ba su da ko ɗaya cikin abu ukun nan. Mu muna da su, ko da ba ko'ina suka wadata ba, kuma kowanne na da ranarsa. Ku fara ƙirga kwana tun daga atishawar farko.

43/ In akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, ku tambaye su me iyayensu suka ba su labari kan Marisuwa, da sunan da ake kiranta a garinku. Ku ajiye min a ƙasa, zan tattara. Ku kuma tura zaren nan ga wanda ake aika kemis a gidanku. Allah ya ƙara mana lafiya. /ƙarshe